Tsoro da Maganinsa a Bakin Bahaushe: Darasi Daga Zangon Kwatano

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin nufi shi ne mutumin kirki yakan haɗiye magana, ya riƙe sirri, ya danne abin da ke damunsa. Da wannan tarbiyya ake tayar da ɗan Bahaushe duk inda yake, tun daga Kano da Maraɗi har zuwa unguwannin Zongo da Gbégamey na birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin. To amma su dai masu iya maganar ne suka sake cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tambayar ita ce: yaushe ne ranar wanka ga wanda tsoro ko baƙin ciki ya cika wa ciki, alhali kunya ta ɗaure masa baki?

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa al'adar da ta hana Bahaushe kuka a fili, ita ce kuma ta tanadar masa hanyoyin fitar da abin da ke ransa ba tare da mutuncinsa ya zube ba. Hanyoyin su ne tatsuniya da waƙa da kirari da rubutu. Za a fara da nazarin kalmomin tsoro da na samun sauƙi, sannan a dubi rayuwar zango, a bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe a bayyana dalilin da ya sa suke aiki da kuma inda iyakarsu take.

2.0 Kalmomin Tsoro da na Samun Sauƙi

Ya kamata ɗalibin harshe ya lura cewa Hausa ba ta tsaya ga kalma ɗaya ba a wannan fage. Tsoro ita ce uwar kalmomin, sauran kuma kowace da inda ta fi dacewa. Fargaba tsoron abin da bai riga ya auku ba ne, kamar ta ɗan kasuwar da ke jiran labarin kayansa. Zullumi shi ne juya abin a rai dare da rana. Firgita da razana na faruwa ne farat ɗaya, su wuce. Shakka tsoro ne da ya gauraya da ganin girma ko kwarjini, shi ya sa mai cika baki kan ce ba ya shakkar kowa. Ɗar-ɗar kuwa zaman rashin sakin jiki ne.

Idan aka dubi maganganun azanci, za a ga cewa a cikin jiki Bahaushe yake ajiye tsoro. Ga misalai:

(a) Gabana ya faɗi.
(b) Hantar cikinsa ta kaɗa.
(c) Cikinsa ya ɗuri ruwa.
(d) Tsigar jikina ta tashi.
(e) Gwiwarsa ta yi sanyi.
(f) Zuciyarta ta tsinke.

Haka kuma a jimlar "tsoro ya kama ni", tsoro ne aikau, mutum kuwa karɓau, sai ka ce wata dabba ce ta cafke shi. Damuwa ma haka take: abu yakan tsaya wa mutum a rai, ko ya riƙa cin sa, ko a ƙunsa masa baƙin ciki.

Kalmomin samun sauƙi suna bin wannan hoto ne sau da ƙafa. Akan ce mutum ya amayar da abin da ke cikinsa, ya yi ajiyar zuciya, ya huce, hankalinsa ya kwanta, zuciyarsa ta yi sanyi. A lura da kalmar sanyi: idan ta sauka a gwiwa karaya ce, idan ta sauka a zuciya waraka ce. Ke nan harshen da kansa ya riga ya yanke hukunci cewa tsoro abu ne da ke shiga ciki ya zauna, maganinsa kuma shi ne a san yadda za a fito da shi.

3.0 Zango da Zaman Baƙunta

Asalin ma'anar zango shi ne wurin da fatake ke yada kaya su kwana. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro kan tashi daga Kano da Sakkwato su nufi Gwanja, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta garuruwa irin su Nikki da Paraku da Jugu, waɗanda a yau suke arewacin Benin. Wasu fataken sun zauna, suka yi aure, zango ya zama unguwa. Da ciniki ya karkata zuwa bakin teku a zamanin mulkin Faransa, sai Hausawa da sauran mutanen arewa suka gangaro Kwatano. Tashar jiragen ruwan birnin, wadda aka buɗe a 1965, ta zama babbar ƙofar shigar kayan Nijar, ƙasar da ba ta da teku. Unguwar Zongo da babban masallacinta, da unguwannin tsakiyar gari irin su Gbégamey, da kasuwar Dantokpa, duk wurare ne da ake jin Hausa a cikinsu tare da Fon da Yarabanci da Dandanci da Zabarmanci da Faransanci.

Mazaunin zango yana da tsoron da na gida bai cika sani ba. Akwai tsoron karyewar jari a ƙasar da ba dangi, da tsoron komawa gida hannu Rabbana bayan shekaru, da tsoron mutuwa nesa da makwancin iyaye, da fargabar 'ya'ya su tashi ba su iya harshen kakanninsu ba. Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna cewa wannan fargaba tana da tushe. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 kuma aka rufe iyakar Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano a hanya, kaya suka lalace, bashi ya hau kan mutane da dama.

Duk da haka, idan aka tambayi magidanci ya kasuwa, amsarsa ita ce "da godiya". Namiji ba ya kuka. Mace ma an hore ta kada ta yi raki ko a kan gwiwar naƙuda, kada ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Haƙuri da kunya da kara ginshiƙai ne na zaman lafiya, amma suna da tsada, domin abin da aka danne ba ya ɓacewa. A nan ne adabi yake shigowa.

4.0 Hanyoyin Fitar da Abin da ke Ciki

4.1 Tatsuniya

Tatsuniya ita ce makarantar farko ta fuskantar tsoro. Al'ada ta keɓe ta ga dare, wato daidai lokacin da yaro ya fi jin tsoro, kuma galibi kaka ko wata tsohuwa ce ke yin ta, yara na kewaye da ita. Abin da ke cikin duhu ba shi da suna, ba shi da kama. Tatsuniya takan raɗa masa suna Dodo, ta ba shi gashi da ƙaton ciki da gida a bakin rafi, sannan ta nuna cewa duk ƙarfinsa wawa ne, Gizo ko Auta na iya yi masa dabara. Yaron da ya ji yadda aka farke cikin Dodo mutanen da ya haɗiye suka fito da ransu, ya koyi cewa abin tsoro ma yana da lago.

Tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ta riga littafin Abubakar Imam na 1934 mai wannan suna, misali ce mai kyau. An tura 'yar Bora, wadda ba a so a gidan, ta je wanki a wani ruwa mai nisa. A hanya ta gamu da abubuwan al'ajabi, har ta sauka a gidan da cinya da kare suke zaune. Ba ta gudu ba, ba ta yi musu dariya ba, ta yi ladabi ta bi umarni, ta koma gida da arziki. 'Yar Mowa ta bi sawunta cikin raini da gatsali, ta kwaso wahala. Abin tsoron da ke ƙasan wannan labari ya wuce cinya mai magana. Tsoron yaron gidan kishiyoyi ne: kada a ƙi shi, kada a fifita ɗan wata a kansa, kada a kore shi. Yaro ba zai iya faɗin haka ga ubansa ba, amma yana iya sauraren labarin 'yar Bora sau ɗari, kowane karo kuma ita ke yin nasara.

A lura da ƙofofi biyu na tatsuniya. Ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", masu sauraro su amsa. Ana rufe ta da "ƙurunƙus", mai bayarwa ma takan ƙara da cewa da ma ƙarya ce ta shara. Wato an shiga dajin da izini, an kuma fito an ja ƙyaure. Wannan taska ta bi fatake har zango: tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913 wani malami mai suna Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a ƙasar da ake kira Gana a yau.

4.2 Waƙoƙin Mata

Matar aure ba ta da dandalin da za ta tsaya ta ce tana tsoron kishiya, ko uwar miji ta matsa mata, ko kewar gidansu ta dame ta. Amma tana da turmi da dutsen niƙa da goyo. Waƙar daka da ta niƙa da ta reno duk ana yin su ne a bakin aiki, ba mai cewa don me. A ciki takan saka habaici, wato magana mai harshen damo wadda ba ta kama suna ba. Wadda aka yi dominta ta gane, amma ba ta da abin kai ƙara, domin in ta tanka ta tona kanta. Waƙar reno ta fi ban tausayi: a zahiri da jariri ake magana, a baɗini uwa ce ke rarrashin kanta.

Haka nan kukan amarya da waƙoƙin da ƙawaye ke yi ranar kai ta ɗaki. Yarinya za ta bar gidan da ta sani zuwa wanda ba ta sani ba, kuma a zango sau da yawa gidan yana wata ƙasa. Al'ada ta ba ta rana guda da kuka ba abin kunya ba ne, rashinsa ma shi ne abin magana. Kiɗan amada, wanda ake yi da ƙwarya a kife cikin ruwa, ya ɗauki wannan murya daga tsakar gida ya kai ta taron biki. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna ne saboda ta rera abin da mata ke faɗi a ɗaka game da kishi da haihuwa da neman sana'a, mata kuma suka riƙa amsa mata da guɗa.

4.3 Kirari

Kirari maganin maza ne. Ɗan dambe ko ɗan tauri ko mafarauci yana da hanta kamar kowa, kuma takan kaɗa. Kafin ya shiga fage sai makaɗi ya kaɗa takensa, shi kuma ya ɗaga murya ya kira kansa da sunayen abubuwan da ake tsoro: guguwa, wuta, dutse, namun dawa. Ma'ana, ya ari rigar abin tsoron ya yafa. Mawaƙa irin su Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mawaƙin 'yan dambe, da Kassu Zurmi, mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, sun san wannan aiki sarai, shi ya sa ambaton mutuwa da kushewa ya yawaita a waƙoƙin maza. Ana kiran sunan mutuwa ne da ƙarfi a gaban jama'a domin ta rage kwarjini. Wanda ya yi kirari a bainar mutane kuma ya ɗaure kansa, gudu ya zame masa abin da ya fi dukan ciwo.

4.4 Bori

Ba manufar wannan takarda ba ce ta yi hukunci a kan bori, domin matsayin malaman Musulunci a kansa sananne ne. Abin da ya shafe mu shi ne yadda masana suka bayyana tsarinsa. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarinsa a Maraɗi, ta buga a 1972, Fremont Besmer kuma ya yi nasa a Kano, ya buga a 1983. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsa, sau da yawa mace mai fama da rashin haihuwa ko mutuwar 'ya'ya ko ƙuncin aure, akan yi masa girka. Da goge ko garaya da ƙwarya ake kiran iskoki, kowane da takensa da tufafinsa da halinsa, kamar Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna. Ciwon da ba shi da suna sai ya sami suna, mai ciwon kuma ya sami ƙungiya.

Irin wannan ya faru a zaman baƙunta ma. A fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1955, an ga 'yan ci-rani daga Nijar a birnin Ankara na Gana, mabiya Hauka, suna kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa, wato mutanen da suka fi tsoro a rayuwarsu ta yau da kullum. Washegari kuma aka nuna su sun koma bakin aikinsu cikin natsuwa.

4.5 Rubutacciyar Waƙa

Malamai sun bi tasu hanyar da alƙalami. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) ta ga hijira da yaƙi tun tana yarinya, ta kuma yi tsawon ran da ya sa ta binne yawancin makusantanta. Ta bar marsiyyoyi da dama, ciki har da na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da na mijinta Waziri Giɗaɗo, da na aminiyarta A'isha. Marsiyya tana da tsari: a yabi Allah, a ambaci rashin da zafinsa, a lissafa kyawawan halayen mamaci, a yi masa addu'a, a miƙa wuya. Mai baƙin ciki yakan shiga ta farkon waƙar da kuka, ya fita ta ƙarshenta da tawakkali. Awon baiti da amsa-amo su ne linzamin da ke hana baƙin cikin yin sukuwa da mai shi.

Ga mazauna zango, babu misalin da ya kai na Alhaji Umaru na Salaga da Kete-Karachi. An haife shi a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar fatauci zuwa Gwanja. Ya ga yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892, ya koma Kete-Karachi inda ya zama limami, ya rasu a can a 1934. Kusan duk wata masifa da ta auka wa jama'arsa sai da ya mayar da ita waƙa. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi waƙar Hausa a kan talauci da wadata, inda ya zana yadda ake wulaƙanta marar shi ko a cikin danginsa, wanda shi ne babban abin da ɗan kasuwar zango ke tsoro. Da annobar mura ta 1918 ta zo, ya yi mata waƙa ya bayyana yadda take kama mutum. Ya kuma yi wa ɗansa marsiyya. Waƙoƙin ba su kori Turawa ba, ba su tsayar da annoba ba. Abin da suka yi shi ne sun jera abin da ya zo a hargitse, suka ba jama'a kalmomin da za su riƙe shi da su, aka kwafe su daga zango zuwa zango.

Na uku shi ne Alhaji Aliyu Namangi na Zariya (1894–1990), wanda ya makance tun yana ƙarami. Sunan shahararrun waƙoƙinsa, Imfiraji, daga Larabci yake, ma'anarsa kuwa yayewar ƙunci. A cikinsu ya dubi abin da kowa ke kawar da kai daga gare shi, wato mutuwa da kabari da hisabi, ya haɗa da begen Annabi. Makafi da almajirai suka haddace su suna rerawa ƙofa-ƙofa, har suka shiga kunnen wanda bai taɓa riƙe littafi ba.

4.6 Ƙagaggen Labari

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka sami ambaliyar littattafan Hausa a Kano, mata kuma suka shiga fagen da ƙarfi. Balaraba Ramat Yakubu ta sha faɗi a hirarraki cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, auren bai daɗe ba, daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da kuma Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Kalmar jahila, wadda ake jifan irinta da ita, ita ta ɗauka ta ɗora a bangon littafi. Wannan dabarar ɗan dambe ce a hannun marubuciya: ta kira abin da ya yi mata ciwo da sunansa, a gaban kowa, ta bakin tauraruwar labari.

5.0 Me Ya Sa Waɗannan Hanyoyi Suke Aiki?

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa huɗu da hanyoyin suka yi tarayya a kansu.

Na farko, suna. Abin da aka raɗa wa suna ya sami iyaka. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro, suna auna aikin ƙwaƙwalwarsu. Suka ga cewa idan mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, sashen ƙwaƙwalwa mai faɗakar da haɗari, wanda ake kira amigdala, yakan lafa.

Na biyu, sakaya. Dodo da 'yar Bora da habaici da tauraruwar littafi duk labule ne. Mai magana yana faɗin gaskiyarsa, amma yana da mafita idan aka tuhume shi, saboda haka kunyarsa ba ta keta ba.

Na uku, amshi. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ake yi a kaɗaice. Tatsuniya tana da masu cewa ta zo mu ji ta, waƙa tana da 'yan amshi, kirari yana da makaɗi, littafi yana da makaranta. Wanda aka amsa masa ya san ba shi kaɗai ba ne, kuma kaɗaici shi ne rabin ciwon baƙo.

Na huɗu, tsari da rufewa. Labari yana da farko da ƙarshe, baiti yana da awo. A 1986 James Pennebaker da Sandra Beall sun sa ɗalibai 46 a wata jami'a ta jihar Texas a Amurka yin rubutu na minti 15 kullum har kwana 4. Wasu sun rubuta abubuwa na yau da kullum, wasu kuma sun rubuta wani abin baƙin ciki da ya taɓa samunsu. Waɗanda suka haɗa abin da ya faru da yadda suka ji a ransu sun tashi daga rubutun da ɓacin rai, amma a watanni 6 da suka biyo baya ba su yawaita zuwa asibitin makaranta kamar sauran ba. Binciken da aka yi ta maimaitawa daga baya ya nuna amfanin yana nan, ko da yake matsakaici ne kuma ba kowa ke samunsa daidai ba.

6.0 Iyakar Wannan Magani

Kowane allazi da nasa amanu. Habaici yana sanyaya zuciyar mai yi, amma yana iya hura wutar gaba a gida. Kirari yana korar tsoro, yana kuma iya tura saurayi ga halaka. Tono tsohon ciwo ba tare da mai amsawa ba kan iya fama shi. Bugu da ƙari, akwai damuwar da ta fi ƙarfin waƙa: wanda ya daina barci da cin abinci na makonni, ko yake jin muryoyi, ko yake tunanin kashe kansa, likita yake bukata, kamar na asibitin Jacquot a Kwatano ko na Dawanau a Kano. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Wani abin lura kuma shi ne wuraren da ake yin waɗannan fasahohi suna ƙanƙancewa. Injin niƙa ya karɓe aikin dutse da turmi, talabijin da wayar hannu sun karɓe hirar dare, gidan haya na birni kuma sau da yawa ba kaka a cikinsa. Tsoron bai ragu ba, mafitarsa ce ta ragu, kuma matashin da ya rasa inda zai amayar da damuwarsa yana iya neman sauƙi a wurin ƙwaya. Sai dai wayar da ta kashe hira ita ce kuma ke ɗauke da waƙoƙi da littattafan da ake karantawa a saurara, da labaran da mata ke rubutawa suna rabawa a WhatsApp da Facebook. Ko waɗannan za su iya maye gurbin amshin da ake yi ido da ido, wannan abin nazari ne ga ɗalibai.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa Hausa tana ɗaukar tsoro a matsayin abin da ke zaune a ciki, tana kuma ɗaukar waraka a matsayin fitarwa. Da yake haƙuri da kunya sun taƙaita faɗin damuwa kai tsaye, sai tatsuniya da waƙa da kirari da rubutu suka zama halattattun hanyoyi, musamman ga mazaunin zango wanda ya yi nisa da dangi. Saboda haka idan ɗalibi ya ji tsohuwa a Zongo tana ba jikokinta labarin Dodo, ko ya ji mace tana waƙa a bakin murhu, ya dace ya saurara da kunne biyu: ɗaya ga kalmomi da nahawu, ɗaya ga abin da ake faɗi a bayan labule.

8.0 Aikin Ɗalibai

1. Bambanta fargaba da zullumi da razana da shakka, ka sa kowace a jimla biyu.
2. Kawo maganganun azanci biyar masu ɗauke da kalmar ciki ko zuciya waɗanda ba a ambata a nan ba, ka bayyana ma'anarsu.
3. Nemi wata tsohuwa a unguwarku ta ba ka tatsuniya mai Dodo a ciki. Rubuta ta yadda ta faɗa, sannan ka bayyana wane tsoro na zahiri ne labarin ya sakaya.
4. Idan kana jin Fon ko Yarabanci ko Zabarmanci, kwatanta sassan jikin da harshen ke ajiye tsoro a cikinsu da na Hausa.
5. Rubuta tatsuniya taka ta kanka mai shafi ɗaya a kan wani abu da kake tsoro, ba tare da ka kama sunan abin ba. Ba dole ne ka miƙa wa malami wannan aiki ba.